Farin Takalmin Yaya Pido

Yayana Pido ya yi shekara da shekaru yana hawa tudun San Mateo da kekensa sanye da tsohon kambas, bai taɓa ganin laifin ƙafarsa ba sai da likitan haƙori ya shigo ƙungiyarmu.

Ƙungiyar ba wata ta a zo a gani ba ce. Mu ne dai 'yan unguwa, duk Lahadi in an fito coci da safe mu hau kekuna, mu bi kwalta har inda ta ƙare, mu faɗa jar ƙasa da duwatsu, mu yi ta haki har ƙololuwa. A can Lucing take da rumfa, tana sayar da lugaw, kunun shinkafar nan mai citta da soyayyar tafarnuwa. A bakin rumfar uwarta Iya Sabel ke zama kan kujerar roba, duk wanda ya iso ya kama hannunta ya kai goshinsa don neman albarka. Yaya ko sauka daga keke ba ya yi: ya dire ƙafa ɗaya, ya sunkuya, ya karɓi albarkarsa. Mijin Lucing ya rasu, matar Yaya ma ta rasu, kuma kowa ya san ba motsa jiki ke kai shi dutsen nan ba. Shi kaɗai yake zaton sirri ne.

Matsalar ita ce kullum shi ne na ƙarshe. Kafin ya iso mun ci mun sha, mun fara gangarowa. Na farko kuwa Likita Arnulfo ne, mai keken da za ka ɗaga da yatsa biyu, da takalmin nan da ke maƙalewa a feda. Kullum za ka tarar da shi a bencin kusa da tukunya, ya cire hular kwano, yana baza wa Lucing haƙoransa kamar allon tallar asibitinsa.

"Nene, kin ga yadda take masa dariya?" Yaya ya tambaye ni wata rana muna wanke kekuna.

"Kai ina ka gani? Lokacin ai kana can ƙasa kana neman numfashi."

"Jomar ya gaya mini."

"Jomar ɗin ƙungiyarmu? Wanda ya ce ya taɓa tsere da babur ya ci?"

"Ba ƙarfi likita ya fi ni ba, takalmi ne. Shi yana danna feda yana kuma jawo ta sama. Ni rabin aiki nake yi." Ya matse soson da ke hannunsa. "Lahadi mai zuwa in na riga shi zama a bencin nan, zan faɗa mata abin da ke raina. In ban riga shi ba, na haƙura, na bar masa."

Na san yayana: in ya furta magana sai ya cika ta, musamman in ta wauta ce. Ni kuwa na gaji da ganinsa yana cin abinci a tsaye a kicin tun rasuwar matarsa, yana hira da rediyo.

Muka tafi Quiapo, layin masu kekuna. Berting mai shago ya ajiye masa takalma iri biyu. Dukansu da ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, wanda ke shigewa feda ya ce ƙas, ba ya kuma fita sai ka murɗa diddige waje. Ɗaya baƙi ne, tafinsa roba mai kauri, yana lanƙwasuwa, in hanya ta gagara ka sauka ka tura kekenka lafiya lau. Ɗayan fari fat, tafinsa kamar katako, na masu tsere waɗanda ba su da niyyar taka ƙasa.

"Ɗauki baƙin, Yaya," na ce. "Irinsa nake sawa."

"Wannan? Ai sai a ɗauka gadin banki na taso."

Berting ya ɗaga farin yana juya shi a haske. "Maigida, wannan ba na kowa ba ne. Irinsa wani likita ya saya a nan."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Na harari Berting, ya mayar da idonsa kan fanka. Yaya ya sa takalmin ya zaga shagon, ƙwas, ƙwas, kamar akuya a kan siminti, yana cewa bai taɓa jin daɗin ƙafarsa haka ba. Berting dai ya yi abin kirki guda, ya sassauta notin fedar don ƙafa ta riƙa fita da sauƙi. Muna isa gida Yaya ya ɗaure shi tamau, wai Jomar ya ce haka na likita yake.

A wurinmu duk wanda ya fara sa irin takalmin nan sai ya faɗi. Za ka tsaya, ka manta ƙafarka a ɗaure take, ka kife a hankali kowa na kallo. Baftisma muke ce mata, kuma ba a taimaka maka sai an gama tafi. Tawa a gaban wata jifni, motar hayar nan, cike da 'yan makaranta aka yi ta. Yaya ya rantse shi za ta tsallake shi. Duk satin nan yana bakin ƙofar falo, ya dafa bango, ƙas ya shiga, ƙas ya fita, yana ta maimaita "diddige waje, diddige waje" kamar mai haddar addu'a. Ya zaga unguwa, ya tsaya a kowace mahaɗa, ko tangaɗi bai yi ba. Har ni na fara jin haushi.

Ranar Lahadi, gaskiya ɗaya ce, takalmin ya yi aiki. Yaya ya wuce Jomar, ya wuce ni, na bi shi baki buɗe. Da muka zo wurin nan mai santsi inda kowa ke sauka ya tura, sai na ga bai sauka ba. Jama'a suka yi ta ihu suna yaba jarumtarsa. Ni da nake bayansa na ga wuyansa na rawa: ya san in ya dire wannan katakon a kan laka sai dai a tsinto shi a kwari. Tsoro ne ya haye da shi. Likita kuwa ya tsaya a kwanar ƙarshe yana ɗaukar kansa hoto da Manila a bayansa, sai dai ya ga wucewar farin takalmi.

Yaya ya iso rumfa shi kaɗai tilo, ni a bayansa. Ga benci babu kowa. Ina jin shi yana cewa "diddige waje, diddige waje". Sai Iya Sabel ta miƙo hannu kamar kullum.

Ƙafarsa sati guda ta yi tana koyon darasi. Hannunsa kuwa tun yana ɗan yaye yake kai hannun manya goshi. Ya ja birki, ya kama hannun tsohuwa, ya sunkuya, ya je zai dire ƙafa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Keken ya fara karkata wajen Iya Sabel. Na ga idonsa ya fito. Ya saki hannunta, ya wurga jikinsa ɗaya gefen da ƙarfin tsiya, ya tafi gaba ɗaya cikin bahon da Lucing ke wanke kwanuka.

Ruwan kumfa ya tashi. Cokula suka watse. Tayar baya ta ci gaba da juyawa a sama, ƙafafunsa biyu na nan daram a feda.

Iya Sabel ta leƙa shi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun da nake ba a taɓa gaishe ni har ƙasa haka ba."

Lucing ta fito da gudu. Ta murɗa ƙafarsa, na murɗa, notin da ya ɗaure ya ƙi. Sai ta kwance igiyar takalman ta zaro ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, aka bar fararen takalma suna lilo a feda. Babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa, na ɗaya ƙafar ma haka. Ta tsaya tana kallon yatsun. Na so ƙasa ta tsage in shige a madadinsa.

Nan ƙungiya ta iso, aka yi tafi kamar yadda aka saba. Jomar ya ce ai shi bai taɓa ganin wanda aka yi wa baftisma da ruwa na gaske ba. Likita ya durƙusa ya ce, "Buɗe baki in gani, Baba, ko wani haƙori ya girgiza."

Yaya ya tashi yana ɗiga, ya je ya zauna a bencin nan da ya yi wa rantsuwa. A nan ya ga abin da Jomar bai gaya masa ba. Mutane sun yi cincirindo, wannan na neman ƙarin tafarnuwa, wancan lemun tsami. Lucing na zuba kunu tana dariya, amma dariyar ta kowa ce, ko ɗaga kai ba ta yi. Ta miƙa masa kwano ba ta ma san shi ta miƙa wa ba. Bai samu sararin faɗin ko kalma ɗaya ba.

Sai da aka watse ta goge hannu ta zauna kusa da shi. Ni ina gefe ina duba sarƙar kekena, wadda ba abin da ya same ta.

"Yau me ya koro ka?" ta ce.

"Na so in riga kowa ne."

"Ka riga su ka yi me? Na farko ruwa-ruwan sama yake sha, ko fuskarsa ba na gani. Kai da kake zuwa an watse, in kankaro maka mai kaurin, in zauna in huta mu yi hira. Ga ƙwan da nake ɓoye maka, yau na rasa yadda zan ba ka a gaban mutane."

Ta ciro dafaffen ƙwai daga aljihun ƙyallen da ta ɗaura a gabanta. Yaya ya riƙe shi da hannu biyu.

"Lucing, ni fa dama..."

"Na sani. Iya ta sani. Kajin nan ma sun sani. Cire safar nan ka ba ni in ɗinke, Pido, abin kunya."

Wallahi sai da na yi hawaye a kan sarƙar nan.

Takalmin yana nan, don Berting ba ya karɓar abin da ya sha ruwan wanke-wanke. Kuma takalmin ya sa Yaya sauri, ba yadda ya iya. Saboda haka duk Lahadi sai ya haye dutsen nan kamar saurayi, in ya zo kwanar ƙarshe ya murɗa diddige waje, ya sauka, ya zauna a gindin mangwaro yana jiran kowa ya wuce. Likita kan rage gudu ya ce, "Sannu, Baba, a bi a hankali, shekaru ne."

Yaya ya dafe ƙirji, ya yi masa hakin ƙarya, ya ce, "Je ka kawai, likita, kama mana benci."