Amsa Sallama a Tsakiyar Wasa

Habibullahi ya faɗi a babur a hanyar Kibiya, ranar da ya je kai wa wani mutum wayar da ya gyara masa. Hannunsa na dama ya karye. Mai ɗori na Zinyau ya ɗaure shi da karare, ya ce kar ya kuskura ya motsa ko yatsa sai ƙashi ya kama.

Shagon gyaran waya bai dame shi ba, abokin aikinsa zai riƙe. Abin da ya hana shi sukuni 'yan kallonsa ne. Kullum bayan la'asar yakan buga wasan ƙwallo a waya, yana nuna shi kai tsaye a intanet yana ta surutu, mutane suna kallo suna rubuto masa magana. Ya daɗe yana tara su ɗaya bayan ɗaya, har sukan kai ɗari biyu a rana mai kyau. Kuma ya san halinsu. In suka zo sau biyu sau uku ba su same shi ba, za su koma wajen wani a Kano, shi ke nan.

Ƙanwarsa Muhsina ce ta kawo masa abinci soro, ta tarar ya ɗora wayar a gwiwa yana ƙoƙarin bugawa da hannun hagu.

"Yaya, mai ɗori fa ya ce ka huta."

"Dama ya ce kar in motsa. Hagu ai nawa ne." Ɗan wasansa ya buga ƙwallo ta fita waje. Ya yi tsaki, sannan ya ɗago ya dube ta. "Ke, wa ke cinye min cajin tsohuwar wayata in na fita?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ga makin da ke ciki. Ya fi nawa. Zauna."

Sai da aka je wajen Baba. Baban nasu, Malam Nata'ala, ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ce ya yarda, amma ba za a nuna fuskarta ba, kuma ana kiran magariba a kashe. Haka aka shirya: ita ta buga, shi ya yi magana.

Ranar farko ta fara da kyau. Ta ci ƙwallo tun kafin mutane su gama shigowa. Habibu yana ta ihu kamar shi ya ci. Can sai wani rubutu ya fito a gefen wayar. Muhsina ba ta saurin karatu, amma wannan ta san shi ko daga nesa. Ta ɗauke ido daga fili ta ce a hankali, "Wa alaikumus salam."

Kafin ta mayar da ido an zura mata ƙwallo.

"Me ya kai ki?" in ji Habibu.

"Sallama aka yi."

"Ni zan amsa. In mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura, ke ma kin sani."

Ta sani. Amma bakinta bai jira ta ba. A gidansu ko tana tsakar gida tana daka, aka yi sallama a ƙofa, sai ta amsa. Wani ya sake shigowa da sallama, ta sake amsawa, aka sake cin ta.

Akwai wani ɗan kallo mai suna Gwadabe, direban babbar mota ne, ɗan Dawaki, yana yawan kallo daga Legas in suna jiran lodi. Shi ya fara ganewa. Habibu ya karanta rubutunsa da ƙarfi kafin ya fahimci tarko ne: "Salamu alaikum ƙanwar Habibu, ya gida, ya su Umma, ya mai jiki?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi, da sauƙi," in ji Muhsina. Ƙwallo ta uku ta shiga.

Daga nan abin ya zama wasa. Da ta kusa raga sai sallama ta yi ta zubowa. 'Yan kallo suna dariya, Gwadabe yana rubuta cewa bai taɓa ganin mai tsaron gida mai ladabi irin wannan ba. Kwana na farko da na biyu mutane ma ƙaruwa suka yi. Amma dariya ba ta daɗewa a kan abu ɗaya. Da mako ya zagayo, masu son ganin ƙwallo ta gaske suka fara zamewa, adadin da ke saman wayar yana raguwa kullum. Habibu ya daina ihu. Yakan zauna ya zuba wa adadin ido, hannunsa rataye a wuya.

Wata rana da aka kashe, Muhsina ta ce, "Yaya, wasan nan na kwalekwale fa?"

"Wanne? Wasan barci?"

'Yan kallo ne suka sa masa wannan suna. Watan da ya wuce Habibu ya sauke shi, don ya ji an sa shi cikin wasannin da ke takarar lambar yabo ta shekara, ana ta yabonsa a ko'ina. Wata tsohuwa ce ke tuƙa kwalekwale tana ƙetarar da mutane kogi. Ba gudu, ba harbi, ba a cin kowa. Fasinja ya shiga, ya ba da labarinsa da Turanci, ya sauka. Ranar farko da ya nuna shi mutane sun cika don su ga abin da ake yabo. Rana ta biyu kashi uku cikin huɗu suka gudu.

"Ba ni kaɗai ba," in ji shi. "Har manyan masu nunawa na ƙasashen waje haka ya yi musu. Masu ba da lamba su kaɗai suke bugawa a ɗaki, suna jin daɗinsa. Ɗan kallo kuwa so yake ya ga an ci wani ko an kayar da wani."

"Amma a ciki ba a cin mutum don ya ɗauke ido."

Habibu ya dubi ɗaurarren hannunsa. Ya san in aka ci gaba da ƙwallo a haka, kafin a kwance ɗori ba sauran kowa. Ya ce a gwada.

Da kwalekwalen ya bayyana, Gwadabe ya rubuta, "A tashe ni in an iso gaɓa." Samari da yawa suka fita nan take. Habibu ya juya fuska ga bango.

Muhsina ta tura kwalekwale cikin ruwa. Yanzu tana da lokaci. Duk wanda ya shigo ta amsa masa, ta tambaye shi gida da aiki, Habibu yana karanto mata amsa da murya kamar ta mai zazzaɓi. Da fasinja na farko ya shiga, wani dogo mai jaka, Turancinsa ya yi mata sauri, sai kawai ta ce, "Wannan daga gani kasuwar Rano zai je, kuma ya makara." Ta biyu, mai goyo, Muhsina ta ce gidan suna za ta. Wani ya rubuta cewa a'a, yaji ta yi, dubi yadda ta zauna. Aka fara gardama a kan mai goyo.

Cikin kwanakin da suka biyo baya wasu sunaye suka fara bayyana waɗanda Habibu bai sani ba. Yawanci mata ne. Wata mai suna Jumai ta rubuta cewa ita 'yar Unguwar Gai ce, aure ya kai ta Fatakwal, takan jingina wayar a jikin tukunya tana girki tana ji. Ta ce ta daɗe ba a tambaye ta ya gida da irin wannan muryar ba. Muhsina ta zuba wa rubutun ido, ta bar kwalekwalen yana juyawa a tsakiyar ruwa, sai da Habibu ya taɓa ta da gwiwar hannu.

Adadin bai koma yadda yake ba. Ya tsaya wajen hamsin, wata rana sittin. Amma ya tsaya, kuma waɗanda suka shigo ba sa fita sai an kira salla. Gwadabe ma bai tafi ba. Kullum sai ya shigo ya ce wasan banza ne, sannan ya tambayi ina aka kwana da mai goyo.

Ranar da aka sanar da sakamako, wasan kwalekwale bai ci lambar ba. Wani na yaƙi ne ya ci. Habibu ya faɗa wa 'yan kallo, Jumai ta rubuta cewa ita ba ta ma san ana takara ba.

Da aka kwance ɗori, hannun ya fito siriri, babban yatsa ya ƙi lanƙwasuwa sosai. Habibu ya koma ƙwallonsa bayan la'asar. Wasu tsofaffin 'yan kallo suka dawo, da yawa ba su dawo ba, sun saba da wani wuri. Matan kuma suka yi ta tambaya ina Muhsina.

Da yamma ya same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya tsuguna kusa da ita.

"Rabin mutanena sun tafi," ya ce.

"Yi haƙuri, Yaya. Da na iya yin shiru..."

"Da kin iya yin shiru da duka sun tafi." Ya ɗauki wani ɗan tsakuwa daga faifan ya jefar. "Na yi magana da Baba. Hantsi naki ne, lokacin da mata suka gama shara. La'asar tawa. Amma data rabi-rabi, kar ki ce ban faɗa miki ba."

"A ina zan samo rabin?"

"Ki yi min wankin kayan shago."

Umma ta leƙo daga madafa ta ce in sun gama rabon duniyar, a kawo mata shinkafar, ruwa ya tafasa.