Hoton Inna a Jiwa

Ranar Laraba Thaddeus mai wankin hoto ya bugo wa Hadi waya yana ofis, ya ce in akwai fim ɗin da yake so a wanke masa, to ya kawo kafin Asabar ta wuce, don daga ranar ya rufe shago ke nan. Ɗansa ya gama masa gini a Kagoro. Gwiwa ta ƙi tsayuwa, ido ma ya fara gardama a ɗakin duhu.

"Oga Hadi, Abuja ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi," in ji Thaddeus. "Wannan fim na Mama da kake ta ce mini next week, next week, ka kawo shi. In na tafi sai dai ka aika Legas, kuma ban san hannun wa zai faɗa ba."

Hadi ya ce to, ya ajiye wayar, ya zauna yana kallon fayil ɗin da ke gabansa ba ya gane ko layi ɗaya.

A ma'aikatarsu kowa ya san shi da wannan lalura. Babban mutum ne, da ofishinsa da motarsa da waya mai ido uku a baya, amma duk Asabar sai ya rataya wata tsohuwar kyamarar ƙarfe a wuya ya shiga gari a ƙafa. Ya ɗauki mai shayi a Utako yana ɗaga kofi sama, ya ɗauki leburori suna cin garau-garau a inuwar ginin da ba za su taɓa kwana a cikinsa ba, ya ɗauki matan Gbagyi a hanyar Kuje da itace a kafaɗa. In ya danna, wanda aka ɗauka yakan matso ya ce a nuna masa. Sai Hadi ya juya masa bayan kyamarar, baƙar fata kawai, ya ce sai an wanke. Wani ya yi dariya, wani ya ja tsaki yana ganin an yi masa wayo ne. Abokan aikinsa sun laƙaba masa Gidan Tarihi, shi kuma yana amsawa abinsa.

A kasuwar Wuse ya sayi kyamarar, ta hannu, shekarar da ya zo bautar ƙasa. A lokacin Abuja rabi gari ce rabi daji. Titi ya miƙe fes, ka bi shi ka bi shi, ya dire ka a gonar doya. Duk inda ka tsaya kana hango duwatsu, babu ginin da ya tare maka. Masu wankin hoto kuwa a kowace kwana, ranar Litinin layi har waje, 'yan bautar ƙasa da angwaye da masu neman fasfo. A nan ya san Thaddeus, saurayi siriri mai gashin baki, da ɗan shagonsa na katako a bayan kasuwa. Gari ya yi ta girma yana ture shi gefe, daga Wuse zuwa Nyanya, daga Nyanya zuwa Karu, har ya dangana da Jikwoyi. Sauran duk sun koma buga hoton waya ko sayar da caja. Shi kaɗai ya rage mai ɗakin duhu a sanin Hadi, Hadi kuma ya bi shi duk inda ya koma. Yana kewar wancan garin ƙwarai, ya kuma san rabin abin da yake nema da kyamarar ke nan.

Amma fim ɗin da Thaddeus ke magana a kai ba na gari ba ne. Na mahaifiyarsa ne, Hajiya Safara'u, wadda suke kira Inna.

Inna ba ta yarda da hoto ba. A wurin biki, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya, ta ce ita ba za a riƙa yawo da fuskarta a aljihun mutanen da ba ta sani ba. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, ta ɗaure fuska tamau kamar wadda aka kama da laifi. Ƙanwarsa Kauthar takan duba shi ta ce ita dai ba ta san wannan matar ba.

Ga shi kuma Hadi ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi masa magana sai ta ce "kai", tana kallon tabarma ko bakin ƙofa. In za ta yi zancensa da ƙannensa sai ta ce "yayanku". A ɗakin kakarsa ya tashi, a gida ɗaya, yana ganin Inna tana goya Kauthar tana yi wa sauran wasa, shi kuwa sai dai ya tarar da tsoka mafi girma ɓoye a cikin miyarsa, ba a ce ga wanda ya sa ba. Ya san tana sonsa, wannan bai taɓa shakka ba. Amma har ya haura hamsin bai san yadda idonta yake ba in ya tsaya a kan nasa.

Daminar bara ta zo Abuja daga Ringim ganin likita. Garin bai yi mata ba ko kaɗan. Ta ce wane irin gari ne ba a jin kukan akuya, maƙwabci ba ya leƙowa, ko'ina siminti. Ana jajiberin komawarta Hadi ya sa ta a mota ya kai ta Jiwa, wani ƙauye a bayan gari, don dai ta ga ƙasa. Da suka bar kwalta ta ga masara ta yi goyo, ga awaki a turke, ga hayaƙin itace na tashi daga bayan danga, sai ta ce a tsaya. Ta sauka ta zauna a kan saiwar wani mangwaro, ta tuɓe takalmi, ta ce nan kam mutane ne ke zaune.

Can sai ta nuna kyamarar da ke wuyansa da haɓa.

"Kai, wannan abin, in an ɗauka, wa ke gani?"

"Ba kowa, Inna. A ciki yake zama, a duhu, sai ranar da na kai aka wanke."

"Ba ya shiga waya?"

"Ba ya shiga."

Ta gyara bakin mayafi. "To yi maza kafin in fasa."

Kyamarar kuwa babu komai a cikinta, don tun safe ya cire fim ɗin da ya ƙare. Ya lalubo sabon fim a aljihu, ya buɗe bayan, ya zura, ya jawo harshen ya saƙala, ya rufe. Duk sauri yake kada ta miƙe ta ce a tafi. Ya durƙusa a gabanta ya kai kyamarar fuska.

Sai ga Inna a cikin ɗan gilashin tana kallonsa, kai tsaye. Ƙarfen ya rufe masa fuska, ita kuma ta samu mafaka: kyamara take kallo, wa zai ce ɗanta take kallo? Ashe idanunta ƙanana ne, masu ruwa-ruwa, da kwalli, kuma sun daɗe a kansa ba su kauce ba. Ya danna, ya ja, ya sake dannawa, ya yi ta jan lokaci da murɗa gilashi kamar hasken ne bai yi masa ba. Da ya sauke kyamarar, ta riga ta sunkuya tana neman takalminta.

Ta koma Ringim, kafin a yanke gero Allah ya yi mata rasuwa.

Tun daga nan kyamarar ke kwance a ƙasan durowa da fim ɗin a cikinta. Wata ya aro a wurin Thaddeus yake fita da ita. Kauthar ta yi naci a kai a wanke har ta gaji, kullum ya ce mata aiki ya yi yawa. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Muddin fim ɗin na cikin duhu, Inna na nan zaune a gindin mangwaro tana kallonsa, babu abin da ya same ta. In aka fito da shi, ruwan magani na iya ɓaci, haske na iya shiga. Akwai kuma 'yar rowa a ciki, don kallon nasa ne, bai shirya raba shi da kowa ba. To yanzu Thaddeus zai tafi, kuma Hadi ba zai iya sa Inna a ambulan ya aika ta Legas ba.

Ranar Asabar ya fito da hantsi, ya kutsa cunkoson Nyanya, ya karya hanyar Karshi. A Jikwoyi ya tarar an riga an sauke allon shagon an jingina shi da bango. Hotunan da suka shekara a manne duk sun koma kwali, sai tabon inda suka zauna. Warin ruwan maganin nan mai tsami ne kawai bai kwashe kayansa ba, Hadi ya shaƙe shi ya ji kamar yana Wuse da wandon kaki.

"Sannu da zuwa, oga. Na bar ruwa sabo saboda kai," in ji Thaddeus. "Ina Mama?"

Hadi ya zauna a benci ya ɗora kyamarar a cinya. Kafin a buɗe baya dole a naɗe fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa. Ya yi bisimilla, ya danna ɗan maɓallin ƙasa, ya ɗaga ɗan hannun naɗewa ya fara juyawa. Yatsunsa sun san wannan aikin. Fim ɗin da ya yi tafiya yana da nauyi, sai ka yi ta juyawa yana ja maka kafin ya saki.

Wannan bai ja ba. Ya ɗan yi ƙis, hannun ya koma juyawa sakayau.

Hadi ya tsaya. Ya sake juyawa, babu komai. Ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayani. Harshen fim ɗin bai kama haƙoran ba. Ya subuce tun lokacin da ya rufe bayan, lamba tana ta ƙirgawa a sama, fim ɗin yana kwance a inda yake. Shi da bakinsa ya sha gaya wa sababbin shiga cewa in ka sa fim ka ja, ka dubi ɗan hannun nan ka ga yana juyawa. Ran nan a Jiwa bai duba ba, Inna yake kallo.

Thaddeus ma ya ji ƙarar. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Kawo mu wanke dai," ya ce a hankali. "Wani lokaci yana kama ɗaya ko biyu."

Dukansu sun san ba haka ba ne, amma Hadi ya miƙa masa. Ya zauna yana jin motsin ruwa a bayan labule, yana jin 'yan acaɓa suna wucewa, wata mai gasa masara tana faɗa da yaranta a tsallaken titi. Da Thaddeus ya fito, ya ɗaga dodon hoton a bakin ƙofa yana ɗiga. Fes yake daga sama har ƙasa kamar sabuwar leda, ana hango rufin maƙwabta ta cikinsa. Ƙananan lambobin gefe ne kawai suka fito, alamar ruwan maganin bai yi laifin komai ba.

"Sorry, oga," in ji Thaddeus. "Wallahi da na so in rufe da wannan."

Hadi ya karɓa ya riƙe da hannu biyu. Ya ji baƙin cikin da ko ranar jana'iza bai ji irinsa ba, don ran nan yana ganin ya ɓoye wani abu nata a durowa. Suka yi sallama, suka riƙe hannun juna fiye da yadda suka saba, ya ce a gaida mutanen Kagoro.

Yana shiga mota Kauthar ta kira, don ya gaya mata yau ne.

"Yaya, ya fito?"

"Bai fito ba. Fim ɗin bai kama ba, ni na yi garaje wajen sa shi. Babu komai a kai, Kauthar."

Ta yi salati. Ya zaci kuka za ta yi, ko ta ce da ma tun bara ya kai. Sai ya ji ta ja numfashi.

"Allah bai nufa ba. Ka san kuwa ta yi mana zancen ranar? Da ta dawo muna zaune a tsakar gida, ta ce ka kai ta wani ƙauye ka tsugunna a gabanta da wannan ƙarfen naka. Can sai ta ce, 'Ashe yayanku har ya yi furfura. Gemun nan duk ya yi fari, ni ban sani ba.' Ta faɗa ta sake faɗa, har muka riƙa yi mata dariya."

Hadi ya dubi kansa a madubin mota.

"Yaya? Kana ji na?"

"Ina ji," ya ce.

Ya kai hannu ya shafa gemunsa. Wani mai tipa yana ta danna masa ham a baya don ya tare hanya, shi kuwa ya kasa tada motar.