Hita Don Mai Jego

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, Afra'u matar Ramalan ta tafi gidansu a Fammar haihuwar fari. Ta gama wankan jego sanyi na tsakiyarsa, sai mahaifiyarta, Inna Dije, ta kafe: ba mai fitar mata da 'ya da jika cikin wannan sanyi, a bari sai bazara.

Ramalan kuwa kewa ta ishe shi. In ya je sai dai ya tsuguna a zaure, a miƙo masa ɗansa, kafin ya gama kallon fuskar an karɓe.

Ya kai tsohuwar fijonsa garejin Mato a Rano, ya ce a gyara masa hita, wato na'urar ɗumama cikin mota.

Mato ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hita? A Rano? Ni tun da na koyi aikin nan cire ta nake yi, ban taɓa mayarwa ba!"

Da gaskiyarsa. Da suka kwance gaban motar, tiyon ruwan zafi an daɗe da toshe shi, fanka kuwa babu ita, an cusa fastar wani ɗan takarar kansila a raminta. Sai da Ramalan ya shiga Kano wajen masu tsofaffin kayan mota ya samo fanka da ɗan ƙaramin lagireton da ke ɗumama iskar. Mato ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, yana ɗaurawa yana mita. Aka murɗa maɓalli, busasshen kashin ɓera ya feso musu a fuska, sannan ɗumi ya biyo baya. Har Mato sai da ya yi kabbara.

Da sassafe Ramalan ya isa Fammar, ya durƙusa gaban surukarsa.

"Inna, motar nan yanzu ɗumi gare ta kamar ɗakin mai jego."

"Mota? Ramalan, ni za ka yi wa wayo?"

Ta ja mayafi ta shiga gaban motar don ta gani da kanta, ta rufe ƙofa. Ramalan na tsaye yana rawar ɗari.

Can ta sauke gilashi ɗan kaɗan.

"Afra'u! Goyo yaron nan ki fito. Ki haɗo da ƙullin kayana, rakiya zan yi muku."

Murna ta kama Ramalan har ya rasa ƙofar da zai fara buɗewa, ya buɗe su duka.

"Kai, ɗan nan, rufe mana!" in ji Inna Dije. "Za ka sa wa jikana mura tun bai shigo ba."