Tattasan Iya Etelka

Ranar da na fara ganin Iya Etelka faɗa muka yi, kuma a kan barkono. Na hau rufin benenmu na unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da tukwanen attaruhuna, irin da na taho da shi daga Kano, sai wata tsohuwar Baturiya mai kallabi ta tare ni ta ce ba zan ajiye su a nan ba. Na ce rufin na ubanta ne? Allah ya rufa asiri ba ta jin Hausa.

'Yar ƙasar Hangari ce. Wani ɗan kasuwar Sin ta aura a can ƙasarsu, ta biyo shi Guangzhou, ya rasu, ta zauna. Ta nuna mini nata tukwanen, tattasai ne dogaye, irin ƙauyensu da ta gada wurin kakarta. Ta ce idan ƙudan zuma ya tashi daga furen nawa ya sauka a kan nata, na baɗi zai fito da yaji, shi ke nan iri ya lalace. Na gatsa ɗaya. Zaƙi! Na ce mata wannan ai ko jariri ya ci. Amma na ga furfura, na sauko da kayana barandata, bayan ɗan gidan abincin da muke yi ni da maigidana Ƙasimu.

Daga nan muka shaƙu. Takan sayi kaza a wurinmu ta shigo mini kicin ta dafa da jan garin tattasanta, tana yi mini faɗa cewa sai an sauke tukunya ake zubawa, in ba haka ba ya yi ɗaci. Ni Sauda, da nake ciyar da rabin 'yan Kantin Kwari masu zuwa sari, ake koya wa girki! Ranar bikin ƙasarsu takan sa farar riga mai aikin furanni ta sauko titi, masu shagon waya suna kallo, ko a jikinta. Tukwanen ma da yaren ƙasarsu take yi musu magana, don ɗanta Gabor da ke aiki a birnin Shenzhen da Sinanci yake amsa mata. Wannan yana cin ranta, ta sha gaya mini.

Ta rasu a lokacin raɓar garin nan, sa'ad da bango ke gumi. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Da Gabor ya zo kwashe kaya muka buɗe kwalbar da take adana iri, muka tarar duk ya yi fumfuna tun tana asibiti. Abin da ya rage kawai tukwanen rufi, sun fara fure. Mai gidan hayar ya ce a kwashe su kafin sabon ɗan haya ya shigo. Gabor ya ce ɗakinsa ko rana ba ya gani, sai dai a zubar. Ba mugun yaro ba ne, bai san abin da yake faɗa ba ne kawai.

Na sa Ƙasimu ya sauko da su. Yana ajiye na ƙarshe ya kalli attaruhuna, ya kalle ni, ya gane. Ya tuna mini cewa saboda ƙamshin attaruhun nan mutanen Maraɗi ke baro kasuwar jakunkuna ta Shiling su zo cin abinci wurinmu, na kasuwar nan ba ya kama ƙafarsa. Ya ce a sa nata a wancan lungun, nawa a wannan. Na ce matar da ta hana ni rufi guda, ita zan yaudara da baranda? Ƙudan zuma bai san lungu ba. Na bi maƙwabta ko wani zai karɓi nawa, kowa *meiyou*, wato babu, wurin shanya riga ma ba su da shi.

"Sauda, shekara nawa kina rainon abin nan," in ji Ƙasimu.

"Maigida, nawa yana nan a kowace kasuwa a Kano. Nata in ya tafi, ya tafi."

Na tsinke 'ya'yan attaruhuna da suka nuna, na tumɓuke sauran da hannuna. Ban ce wa kowa bai yi mini ciwo ba. Masu cin abinci sun yi ta mita cewa miyata ta canja, na ce wanda bai iya ba ga ƙofa nan.

Nata ya nuna, na shanya irin a kicin kusa da wuta inda raɓa ba ta kai, na sake shukawa. Amma sai shuka ta biyun ta yi 'ya'ya ake sanin gaskiya, don ban san inda ƙudan zuma ya bi ba kafin in tumɓuke. Da ɗan fari na sabuwar shukar ya yi ja, na tsinko da hantsi, Ƙasimu yana tsaye a bakin ƙofa. Na gatsa, na tauna, na jira harshena ya ɗauka.

Ko alamar yaji babu. Na ce alhamdu lillahi, na miƙa masa ragowar.