Surukar Seah Mai Walda

Seah Boon Kiat maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta cinye aikin wanda bai ji ba bai gani ba.

A Singafo, yawan 'yan ƙasa da kamfani ya ɗauka shi ke yanke yawan baƙin da zai kawo. Seah yana da 'yan ƙasa huɗu a masana'antarsa ta walda, amma ya rubuta tara, ya cike da dangi. A kan wannan ƙaryar ya kawo Rodel Macaraeg, gwanin walda daga Filifin.

Bayan shekara uku lokacin sabunta takardar izinin aikinsa ya zo. Rodel ya tambaya, "Maigida, gurbina yana nan?"

"Kai dai ka cika tsoro kamar kaza," in ji Seah. "Muddin ina numfashi, babu mai taɓa ka."

Rodel ya yarda, har ya ƙi tayin wani kamfani mai gurbi na gaskiya.

Da masu binciken gwamnati suka zo, suka nemi ganin Madam Oei, wadda Seah ya rubuta a matsayin mai walda. Aka ce surukar Seah ce, tana gidan tsofaffi, shekarunta tamanin da ɗaya.

Rodel ya cire gilashin waldarsa. "Maigida, ashe kaka ce ta goya ni shekara uku?"



Aka soke takardar Rodel, ya koma gida ba aiki. Seah kuwa aka ɗaure shi wata takwas, aka hana shi ɗaukar baƙo.