Haƙarƙarin Mai Gyaran Agogo

Guduma ake ce masa a layin masu walda, saboda hannuwansa. In ya ba ka hannu kuka gaisa, sai ka koma gefe ka duba yatsunka. Amma mutum ne mai sanyin hali, ko muryarsa ba a cika ji ba. Matarsa ce ta tura shi ƙungiyar agajin gaggawa ta unguwa, bayan injin yankan ƙarfe ya datse wa abokin aikinsa hannu, manyan maza suka tsaya cirko-cirko a kansa ba wanda ya san abin yi. Ta ce tunda Allah ya ba shi ƙarfi kamar na mutum uku, ya je ya koyi inda ake amfani da shi.

Ɗaki ɗaya ne da ƙungiyar, a bayan wani kantin magani. Benci biyu, kabad cike da bandeji da safar hannu, sai gadon ɗaukar majinyaci jingine da bango. Ba a biyan kowa. Akwai tela, akwai direba, akwai wata mai kitso da ta fi kowa iya ɗaurin karaya. Mai koyar da su tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, 'yar gajeriya mai kaifin baki, kowa Sista yake ce mata.

Komai Guduma ya koya da sauri, ban da danna ƙirji. In aka shimfiɗa mutum-mutumin roba, sai ya riƙa taɓa shi kamar mai tsoron fasa ƙwai. Sista ta gaji, ta gaya masa wanda zuciyarsa ta tsaya ba lallashi yake nema ba. Ta ce wani lokaci haƙarƙari yakan karye, kuma ko ya ji ya karye kada ya kuskura ya ɗaga hannu.

Wata Asabar da hantsi suna bakin filin ƙwallo, an gayyace su saboda wasan makarantu, sai wata mai sayar da lemo ta tsallako titi a guje. Ta ce tsohon nan mai gyaran agogo ya zame daga kujerarsa, ba ya motsi. Guduma ne ya fara isa. Tsohon yana kwance a gindin teburinsa, gilashin aikinsa na rataye a wuya, ƙananan kusoshi sun watse a ƙasa. Guduma ya kira shi, ya girgiza kafaɗarsa, ya kai kunne bakin hancinsa. Babu numfashi. Ya ce wa tela ya kira motar asibiti, ya yage rigar tsohon, ya ɗora hannu.

Bai daɗe da farawa ba ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin tafinsa, kamar busasshen kara. Ya ɗago ido, sai ga Sista ta durƙusa a gefe tana buɗe na'urar farfaɗo da zuciya.

"Ci gaba," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya ci gaba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta manna wayoyin, ta sa kowa ya ja baya, ta danna na'urar, jikin tsohon ya zabura. Guduma ya koma dannawa, har ya ji ƙirjin ya ɗaga da kansa, da wani numfashi mai gurnani. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta tambaya, ya ce ya karya uban mutane. Ta ajiye cokali ta dube shi.

"To, maigida, da ka fi so a kai shi makabarta da haƙarƙarinsa lafiya lau?"

Ya san gaskiyarta, amma ƙarar nan ta ƙi barin kunnensa. Ya je asibitin, ya tsaya a ƙofar ɗakin majinyata, ya hango ƙafafun tsohon a ƙarƙashin bargo, ya juyo bai shiga ba.

Bayan wasu makonni, da yamma suna tsakiyar darasi, aka yi sallama. Tsohon ne, ya rame, 'yarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya ƙi zama. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne a cikinku ya karya ni?"

Duk idanu suka koma kan Guduma, shi kuwa ya rasa inda zai ɓoye hannuwansa. Tsohon ya shiga lissafa ƙorafinsa. Ya ce dariya ta gagare shi, atishawa ta zama azaba, ba ya iya kwanciya ta gefen da ya saba, rigar da aka yage kuma ita ce wadda ya fi so. 'Yarsa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ba haka muka yi da kai a gida ba." Mai kitso ta toshe baki da mayafi.

Sai tsohon ya ce a kawo hannuwan ya gani. Guduma ya miƙa su. Tsohon ya riƙe su da siraran yatsunsa, ya juya su, ya duba tabon wuta da kantar da ke tafin, yadda yake duba cikin agogo. Ya daɗe bai saki ba. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Jikata ta haihu shekaranjiya. Na ɗauki yaron. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Guduma ya sunkuyar da kai, ya ce amin. Sista ta juya tana gyara bandejin da ba abin da ya same shi.

Ranar 'yar tsohon ta zauna aka ƙarasa darasin da ita, kuma ba ta daina zuwa ba. Shi kuwa tsohon, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki kullum, sai ya mai da shagon waldar Guduma wurin zuwansa. Ya sa aka ƙera masa ƙarfen dafawa na matakalar gidansa, ya zauna a kan kujera yana kushe aikin tun daga awo har fenti. In an tashi, Guduma yakan wanke hannu ya raka shi gida. Tsohon ya rataya a damtsensa, suna tafe a hankali ta gefen titi, yana mitar cewa saurin ya yi yawa, Guduma yana cewa to, Baba, yana ƙara rage taku.