Kamu Biyu na Likkafanin Lami

"Bai kai ba," in ji mai wankan gawa. Ta sake miƙe alawayyon, ta auna da hannunta. "Wa ya yanki likkafanin baiwar Allah?"

Ni na san inda ragowar take. Kamu biyu Lami take bina, kuma ni Sa'a ban taɓa kwana da bashi na manta ba, ko na gishiri ne.

Lami maƙwabciyata ce a nan Birni, katanga ɗaya ta raba mu. Man gyaɗa take yi. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Da ribar man ta sayi likkafaninta tun tana da ƙarfi, ta naɗe shi a ƙasan akwati.

Ranar da surukata Sakina ta haihu, da hantsi ne, a ɗaki, cikin bai cika wata tara ba. Yarinya ta faɗo shiru, jikinta kamar toka. Na jijjiga, na watsa ruwa, ko motsi. Na ce a gaya wa maza su nemi mai haƙa. Lami ta fita, ta dawo da farin ƙyalle daga likkafaninta, bakinsa duk zare saboda da haƙori ta fara yaga shi.

Tana cikin naɗe jaririyar sai ta tsaya. Ta ɗora yatsu biyu a ƙirjin.

"Yaya Sa'a, akwai abu a nan."

"Hannunki ne ke rawa."

"Hannuna ya shekara talatin yana murza ƙuli, bai taɓa rawa ba. Tsayar mana da kabu-kabu!"

Haka muka isa matanite, asibitin haihuwa, ni da takalmi ƙafa ɗaya. Wata sajfam, ungozomar asibitin, Madam Aliya, ta fizge jaririyar, ta kifa mata wata roba a hanci tana matsawa. Can sai muka ji wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Ita ce Raudatu, wadda yanzu har ta shiga lakwal, makarantar boko.

Bayan arba'in Madam Aliya ta zo gida. Ta yi ta tambaya: yaushe muka lura, me ya tsayar da mu, wa ya karɓe mu a ƙofa.

Na ce, "Madam, yarinya ta rayu, binciken na mene ne?"

Ta ce, "Inna, waɗanda aka binne iyayensu ba sa iya ba mu labari. Irin wannan da ta leƙa lahira ta dawo, ita ke nuna mana inda muka yi daidai da inda saura kaɗan mu yi sake."

Lami na bakin ƙofa tana jinmu. Ta bari sai da Madam ta tafi. Sannan ta ce, "Nawa ma bai yi kuka ba. A can ƙauye, Hamdara. Kafin in farfaɗo har sun dawo daga rufe shi." Ta dubi yatsunta. "Ba wanda ya taɓa ƙirjinsa, Yaya. Na tambaya."

Na sayo mata sabon yadi, ta mayar. Na wanke nata na kai, ta ce, "Bar shi wurinki. Ranar zan karɓa." Tun daga nan duk shigowar da za ta yi gidanmu, kafin gaisuwa sai ta ɗora yatsu biyu a ƙirjin Raudatu. Yarinya har ta saba, da ta ga Lami sai ta turo ƙirji tana dariya.

To, ga ranar ta zo. Illa, ɗan ƙanin Lami, ya ɗaga murya daga zaure: "Inna, liman na jira! In sayo sabo a kasuwa mana!"

"Zauna da kuɗinka. Nata za ta tafi da shi."

Na zagaya gida. Sakina na zaune a bakin gado, ƙyallen a cinyarta. Ashe duk shekarun nan a ƙarƙashin katifar yarinyar take ajiye shi.

"Miƙo."

"Inna, don Allah." Ta ƙanƙame ƙyallen. "Wannan da sunan Raudatu aka yaga shi. In ya shiga ƙasa, mutuwa ba za ta tuna da ita ba?"

Wallahi ni ma na yi wannan tunanin. Amma na ce, "Aro aka ba mu, 'yar nan. Wadda ta ara mana tana kwance ƙafafunta a waje."

Ta riƙe, na riƙe. Sannan yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Ni na ɗinke shi da hannuna. Na akwati fari ne tas, namu ya yi jaja-jaja, ga wani ɗan tabo da sabulu ya kasa fitarwa. Mai wanka za ta sa shi wajen ƙafa, na ce a'a, juya shi. Ƙyallen ya sauka daidai ƙirjin Lami. Kafin a rufe na ɗora yatsuna a wurin, na daɗe. Matan suka yi ta kallona. Ban ɗaga ba sai da na tabbata.

Maza sun fita da makara ke nan Raudatu ta dawo daga lakwal, jaka a baya. Ta tsaya a ƙofar Lami, ta leƙa tsakar gida, ga turmi a kife, ga takalma birjik. Ta dubi fuskokin matan ɗaya ɗaya. Sai ta tako wurina, ta tsaya, ta turo ƙirji.